Ranar da Hajiya Balki Ta Mutu a Keji

Salamu alaikum 'yan uwa mata, har da mazan da ke leƙen labarin mata a ɓoye, mun gan ku. Wadda ke cin abinci ta ajiye cokali tukuna, don aikina ba na hira a bakin kwano ba ne.

Sunana Zuhaira, 'yar Tanut gaba da baya. Karatu nake a Damagaram. Idan aka tambayi Baba me nake karantawa, sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Likita," ya ja bakinsa ya yi shiru. Gaskiyar magana kuwa, ɓeraye nake kiwo. Farare tas, masu jan ido, suna cin abinci a kan lokaci fiye da ni.

Kun san ciwon nan da muke kira sanyi, mai ƙaiƙayi da farin ruwa, wanda mace za ta shekara tana mutsu-mutsu a kan tabarma ba ta gaya wa ko uwarta ba? To wani nau'insa, wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, 'yar uwar yis ɗin da ake kwaɓa fanke da shi. Masu son fanke ku yafe ni. Aikinmu a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, shi ne mu sa wa ɓeraye mata wannan ciwo da gangan, mu raba su keji-keji. Waɗannan a ba su jiƙon bagaruwa, waɗancan sabara, wasu maganin farmasi, wasu kuma ruwa zalla, Allah ya ba su haƙuri. Bayan kwanaki mu shafo da ɗan auduga, mu shuka a faranti, mu ga a wane keji cutar ta ragu. Shi ke nan. Innata takan ce, "'Ya'yan mutane suna can suna auna hawan jini cikin farar riga, ke kina leƙen ƙarƙashin ɓera."

Wannan aikin ne ya haɗa ni da Sahabi. Direba ne, motarsa ke jigilar mutane da awaki tsakanin Belbeji da Tanut. Shi na ɗauka haya ya kai ni dajin Ollelewa ɗibar ganye. Da ya tambaye ni me zan yi da buhun sabara, na gaya masa gaskiya ba kwana-kwana, ina jira ya tofar da miyau kamar sauran. Sai ya yi dariya har da dukan sitiyari, ya ce, "Ni da nake kwana da warin bunsuru a riga, ina ni ina raina mai ɓera?" Jama'a, a nan na faɗi. Dogo ne, baƙi, da wushirya, ga iya ɗaura rawani irin na mutanen arewa. Kada ku ga laifina.

Matsalar ɗaya ce, yana da uwa. Hajiya Balki. Duk macen da ta taɓa susa daga Belbeji zuwa Falanko ta san ta. Ita ke sayar da Sha Ki Huta, wani baƙin jiƙo a gorar ruwa, mai ɗaci kamar baƙar magana. Tana da rukunin WhatsApp na mata, kullum da safe sai ta saki murya: "Matan ƙwarai, kada ku bari sanyi ya kore ku daga ɗakin miji." Da ta ji abin da nake yi, ba ta ƙyamace ni ba ko kaɗan. Jarka guda ta aiko mini har Damagaram, da saƙo: in gwada, in na gama in kawo mata takarda mai tambarin jami'a ta liƙa a jikin gora.

Na so in zille. Amma malamata, wadda muke ce wa Madam, ta ce ai abin da mata ke sha a gari shi ya fi cancanta a gwada. Aka ƙara keji ɗaya.

Yanzu ga inda shaiɗan ya shigo. Lamba ake ba ɓeraye, amma wa zai wuni yana hira da lamba? Ni da ƙawata Raishatu, abokiyar aikina, sai muka raɗa musu suna. Akwai wata ƙatuwa mai cizo, ba ta gode wa abinci, ba ta gode wa ruwa, na sa mata Gwaggo Rahamatu, sunan yayar Baba. Wadda ta fi kowa ƙiba da taƙama a kejin Sha Ki Huta kuwa, ba sai na gaya muku sunanta ba.

Ana tsakiyar gwaji aka sa ranar kawo baliz, wato akwatunan kayan aurena. Na ce a ɗaga, Inna ta ce in na sake ambaton ɓera a kan maganar aure za ta tsine wa jami'ar da wanda ya gina ta. Na bar wa Raishatu amanar kejina na hau mota.

Ranar, gidanmu kamar ba shi ba. An share tsakar gida an yayyafa ruwa, an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmin da Inna ke ɓoyewa a saman kabad. Dambun zogale, soyayyun zabbi, fura da nonon da Fulani suka kawo da sassafe, zoɓo mai ƙanƙara. Ni kuwa an zauna a kaina tun jiya: lalle ja da baƙi har gwiwar hannu, kitso ƙanana masu sa ciwon kai, shadda ruwan ƙwai mai aikin zare a wuya, an turara ni har ina tari. Aka tura ni ƙuryar ɗakin Inna aka ce kada in kuskura a ji ko numfashina, amarya kunya gare ta.

Da hantsi motar Sahabi ta sauke matan Belbeji. A al'ada uwar ango ba ta zuwa, amma Sahabi auta ne, Hajiya kuwa ta ce kasuwa ta daɗe da wanke mata kunya. Ta labule na hango ta, leshi shuɗi mai duwatsu, zobe a kowane yatsa, haƙorin Makka yana walƙiya. Ta zauna a kan kujerar roba ita kaɗai, sauran mata a tabarma.

Akwai wani baful, lasifika mai haɗuwa da salula ba tare da waya ba, Sahabi ya saya mini. Shi aka ajiye a tsakar gida yana ta sakin kiɗan biki daga salulata, ita kuma tana hannuna a ɗaki. Ku riƙe wannan da kyau.

Ana cikin ɗaga zannuwa ana guɗa, saƙon murya ya shigo daga Raishatu. Na danna, na kara a kunne. Shiru. Na ce to, ko muryar ce ta yi ƙasa, na ƙure ta har ƙarshe. Sai na ji kiɗan waje ya ɗauke, muryar Raishatu ta tashi a tsakar gidanmu kamar kiran salla:

"Zuhaira! Innalillahi! Hajiya Balki ta mutu! Yanzu na shigo na tarar da ita ta sandare, ƙafafu sama, baki buɗe. Na sa ta a firigo don kada ta ruɓe kafin Madam ta zo mu farke cikin. Gwaggo Rahamatu kuwa da sauƙi, ƙaiƙayin ya ragu, ta bar susa, amma ta sake cizona, 'yar banza."

Wallahi na danna duk abin da yatsa ke iya dannawa. Sai da ta kai aya.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ko kajin gida sun nutsu. Can sai wata tsohuwa cikin matan Belbeji, wadda kunnenta ke kama rabin magana, ta ɗora hannu a ka ta rushe da kuka: "Wayyo Balki! Wayyo 'yar uwata!" Alhali Balkin tana gefenta, da cinyar zabuwa a hannu.

Muryar Gwaggo Rahamatu ta gaske, wadda ke zaune cikin matan gidanmu, ita ce ta fara dawowa. "Ni nake susa? Hassana, ni ce nake cizo?"

Hassana sunan Innata ne. Ɗaki ta faɗo, ta kama ni a wuyan shaddar nan mai tsada ta jawo ni waje, amarya mai kunya, ba ko mayafi.

Na durƙusa a gaban Hajiya. Mata sun kewaye ni, har na maƙwabta sun leƙo ta katanga, don baful ɗin Sahabi ba ƙaramin baful ba ne.

"Hajiya, don Allah ki yi haƙuri. Ba ke ake nufi ba. Ɓera ce."

"Ɓera." Ta ajiye cinyar a hankali. "Ni ce ɓera?"

"A'a Hajiya, ba ke ce ɓera ba. Ɓerar ce ke."

Wani lokaci baki yakan yanka wuya mai shi yana kallo. Inna ta rufe fuska da gefen zane. Yayata Samira, da tsohon cikinta, ta juya baya kafaɗunta na rawa, ni na san dariya take.

"To madalla," in ji Hajiya. "Na ba ki ɗana, kin ba ni keji. Ku rufe akwatunan nan."

Matan suka hau ninke zannuwa. Inna na roƙo, Gwaggo na neman a gaya mata ita wace irin ɓera ce, babba ko ƙarama. Ni kuwa, bayan an daɗe ana wannan rikici, salula ta sake motsi a tafin hannuna. Wannan karon rubutu ne, Allah ya taimake ni. Raishatu ta ce: *Ba wasa ba fa. Sauran na kejin Sha Ki Huta ma sun ƙi cin abinci, sun takure wuri ɗaya, gashinsu ya tashi. Madam ta zo mun buɗe. Hantar ta kumbura, ta yi fari-fari. Madam ta ce ki tambayo me ke cikin jiƙon nan, yau ba gobe ba.*

Na karanta sau biyu. Zan gaya muku gaskiya, ɓera ɗaya ba hujja ba ce. Ɓera kan mutu don ta ga dama. Wataƙila mu muka yi kuskuren awo, kuma cikin ɓera ba cikin mutum ba ne. Amma keji guda cur, su kaɗai, sauran kejin suna ta ƙiba? Wannan ba ganin dama ba ne.

Da ina da hankali irin na amaren kirki, da na ci gaba da kuka har a huce. Sai na ɗago kai.

"Hajiya, me kike sawa a Sha Ki Huta?"

"Au, bayan kin kashe ni, gadona kike nema?"

"Hajiya, maganinki muka ba su. Su kaɗai ne suke ciwo."

"Bagaruwa ce da sabara da 'yar kanwa, da addu'ar uwata. Tun ba a haifi uwarki ba ake shan sa."

"Ina da masu shan bagaruwa, ina da masu shan sabara. Ba wadda ta ko yi atishawa."

Ta miƙe, duwatsun leshinta na ƙara. Ta dube ni daga kitso har lalle.

"Hassana, ki ba 'yarki ɓera ta aura, tun da su take jin maganarsu."

Ta koma ƙarƙashin rumfa ta ce ba ta tafiya sai ta gama abincinta, don ba a kore ta da yunwa daga gidan kowa. Matanta suka zauna kewaye da ita da akwatuna a rufe, kamar masu jiran mota a tasha.

Ina tsaye ban san inda zan sa kaina ba, Samira ta ja hannuna zuwa bayan madafa. Na zaci tsiya za ta yi mini. Sai na ga dariyar ta bar fuskarta. Ta zaro gora daga jakarta, saura kaɗan a gindi, baƙi ƙirin.

"Zuhaira, wannan ne?"

"Yaya, ina kika samu?"

"Ita ta aiko mini da Sahabi tun bayan salla. Kin san mai ciki da sanyi. Na ji kunyar zuwa awo in faɗa, namiji ne a wurin." Ta dafa ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. "Ƙaiƙayin ya tafi, ba ƙarya. Amma kwanan nan nan wurin ke mini nauyi, ko ƙamshin miya ba na so. Fitsarina kamar shayi. Na ce ko cikin ne."

Na ja fatar idonta ƙasa na juya ta wajen haske. Farin idon ya koma ruwan ɗorawa, irin na mai ciwon hanta.

Na fizgi mayafin wata daga kan igiya, na kama ta muka fita ta ƙofar baya.

Sahabi na jingine da motarsa a inuwar dogon-yaro, rawani fari sabo, shadda ta sha guga. Ba sai an ba shi labari ba, duk unguwa ta ji. Yana ganina ya taso.

"Zuhaira, me kika yi haka? Uwata fa! Ki koma ki kama ƙafarta, ki ce sharrin ƙawa ne. Kejin nan kuma ki cire shi daga rubutunki, kamar ba a yi ba. Ni zan lallashe ta a kan hanya."

"Tada mota."

"Ina magana kina..."

"Tada mota, Sahabi, likita za mu."

Sai a lokacin ya lura da Samira, da gorar da ke hannuna.

"Ta shanye?"

"Kai ka kawo mata, ai ka fi ni sanin cikarta."

Ya buɗe wa Samira baya, ni na shiga gaba. Motar na warin awaki da turaren matan Belbeji. Muka bi ta yashi, muka hau kwalta, yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Direban da ke tsallake rami yana waƙa, yau kowane rami sai ya lallaɓa ya kauce masa.

Mun wuce kasuwa ya rage murya, don kada ta baya ta ji.

"Hajiya ba ta yi miki ƙarya ba. Abin da ta faɗa, shi take dakawa. Nata ko ƙuda ba ya kashewa."

Na juyo na dube shi.

"Bara mata suka fara ƙorafi a rukuninta, wai ba ya aiki, wai na wata a Falanko ya fi. Na tarar da ita a ɗaki tana kuka, Zuhaira. Uwata, da ban taɓa ganin hawayenta ba ko ranar da babana ya rasu. Ni ke cika gorunan in ɗora a mota. Sai wani mai tebur a kasuwar dabbobi ya nuna mini wani farin gari, ya ce makiyaya na ba awaki, yana kashe kowace irin cuta ta ciki da ta fata. Na fara zuba kaɗan. Mata suka dawo suna shi mata albarka." Ya sauya giya. "Sai na ƙara."

'Yan uwa, kun san yadda ake cewa zuciya ta tsinke? Tawa ba ta tsinke ba, zama ta yi daram kamar dutse. Ina kallon wushiryar nan da ta hana ni barci wata da watanni, ina kallon lallen da na wuni ina shanya hannu dominsa. Abin haushi, har a lokacin kyakkyawa ne.

"Maganin awaki," na ce. "Ka ba yayata mai ciki maganin awaki."

"Wallahi ban san zai..."

"Ni ina gwadawa a kan ɓera kafin mutum, ana ce mini mahaukaciya. Kai ka fara da mutum."

Daga baya muka ji muryar Samira, a sanyaye: "Ku bar raɗa. Ciki gare ni, ba kurumta ba."

Muka iso ƙofar likita, wato asibitin garin. Ya tsaya, bai kashe mota ba.

"Zuhaira, in na faɗa, maganar jandarma ce. Kuma Hajiya ba za ta ƙara ɗaga kai a Belbeji ba."

"In ba ka faɗa ba, lalube za su yi ta yi a jikin 'yar uwata. Ni ban san sunan garin ba. Kai ka sani."

Na fita na tallabo Samira. Ban waiwaya ba, amma kunnena duk yana baya. Injin na ta kaɗawa, bai mutu ba, bai kuma tafi ba.

Majo, babban ma'aikacin jinyar da ke aiki ranar, dattijo ne mai furfura a gemu. Ya dubi shaddata da lallena, ya dubi idon Samira, ya sa aka kwantar da ita a gado aka kira ungozoma ta saurari ɗan. Da na ji bugun zuciyar nan, ƙaramar ganga mai sauri, sai na ce alhamdulillahi da ƙarfi.

"Da ransa," in ji ungozoma. "Amma uwar sai an ɗebi jini."

Majo ya ɗaga gorar ya shinshina ya yamutsa fuska. "Me ke cikin wannan?"

Ina shirin buɗe baki ke nan. Sai labule ya ɗaga. Sahabi ne, rawanin ya warware ya zubo a kafaɗa, salularsa na ta ruri a aljihu, ni na san mai kiran. Ya ajiye wata yagaggiyar leda a kan tebur, mai hoton akuya a jiki.

"Wannan ne. Ni na zuba, uwata ba ta sani ba."

Majo ya sa tabarau ya karanta gaba, ya juya ya karanta baya. Ya daɗe. Sannan ya cire tabarau ya dubi Sahabi.

"Samari, mata nawa suka sha wannan?"

Sahabi bai dubi Majo ba, ni ya duba.

"Da jarka biyu muka taho yau," ya ce. "Ɗaya na bayan mota. Ɗayar Hajiya ta shiga da ita gidanku tun da muka sauka, ta ce kyautar dangin amarya ce, kowa ta sha kofi kafin a buɗe kaya. Innarki ce ta fara karɓa."